Giovanni Parisi, Walƙiyar Italiya: Tambayoyi da Amsoshi

Wane ne Giovanni Parisi?

Ɗan damben boksin ne ɗan ƙasar Italiya. An haife shi ranar 2 ga Disamba 1967, ya rasu ranar 25 ga Maris 2009 yana da shekara 41. Ya ci lambar zinare a gasar Olamfik ta birnin Seoul a 1988, sannan da ya shiga damben sana'a ya riƙe kambun duniya na hukumar WBO a aji biyu: na marasa nauyi daga 1992, da na ajin da ke sama da shi daga 1996 zuwa 1998. Ya yi dambe 47 a matsayin ƙwararre. Ya ci 41, daga ciki 29 bai bari an kai ƙarshe ba, ya sha kashi sau 5, an tashi canjaras sau ɗaya.

Laƙabinsa "Flash", wato walƙiya. Ba a banza aka sa masa ba.

Daga wane yanki na Italiya ya fito?

Idan ka dubi taswira, Italiya kamar takalmin soja take, doguwar ƙafa da ta miƙe cikin teku. Can wajen yatsun ƙafar ne yankin Calabria yake, kuma a nan, a garin Vibo Valentia, aka haifi Parisi. Kudancin Italiya ya daɗe cikin talauci idan aka gwada shi da arewa, inda masana'antu suke, saboda haka iyalai da yawa suka riƙa tattara nasu ya nasu suna haurawa arewa neman abinci. Wasu da niyyar ci-rani suka tafi, zama ya kama su.

Gidansu Parisi na cikin waɗannan. Tun yana ƙarami aka koma da shi Voghera, wani matsakaicin gari a yankin Lombardiya, kudu da Milan. Mahaifiyarsa ce ta yi ɗawainiyar rainonsa. A Voghera ya fara saka safar hannu, ƙarƙashin wani mai horarwa, Livio Lucarno. A nan ya ci kambun duniyarsa na farko, a nan kuma ajali ya same shi. Duk da haka mutanen Calabria ba su taɓa sakin sa ba, har yau ɗansu suke ce masa.

Me ake nufi da "ajin marasa nauyi"? Kilo nawa ne?

Wannan tambaya ce ya kamata a fara da ita, don wanda bai gane ta ba ba zai gane rayuwar mutumin nan ba.

A damben gargajiya namu, yadda muka taso muka gan shi, ido ne ma'auni. Ɗan dambe ya dubi wanda yake ganin sa'ansa ne ya sa masa zare, in wancan ya yarda a shiga. Damben boksin ba haka yake ba. Kafin a kara, kowa sai ya hau sikeli a gaban jami'ai, kuma in ka ɗara iyakar ajinka ko da rabin kilo ne, ka jawo wa kanka matsala.

A damben Olamfik na zamanin Parisi, ajin marasa nauyi iyakarsa kilo 60. Ƙasa da shi akwai na kilo 57, wanda Turawa suke kwatanta shi da nauyin gashin tsuntsu. A damben sana'a kuwa lissafin ya ɗan bambanta: marasa nauyi kilo 61.2, na gaba da shi kilo 63.5, na gaban wannan kuma kilo 66.7.

Ka riƙe waɗannan lambobi: 57, 61.2, 63.5, 66.7. Parisi ya nemi ɗaukaka a kowannensu. A na farko ya ci zinare. A na biyu babu wanda ya iya karɓe masa kambu. A na uku ya ci, amma da gumi da jini. A na huɗu sau biyu yana zuwa neman kambu, sau biyu ana maido shi hannu rabbana. Mai karatu zai ce kilo biyu ko uku me za su yi? A jikin mutumin da ba shi da kitse ko na shafawa, kilo uku tsoka ce zalla, kuma tsokar nan a naushi take fitowa.

To in ɗan ajin marasa nauyi ne, ya aka yi ya ci zinare a kilo 57?

Sauka ya yi. Kafin Seoul ya riga ya yi suna a damben sha'awa na cikin gida, ya ci kambun Italiya, kuma jikinsa ya riga ya kai shi ajin kilo 60. Don ya samu gurbi a tawagar ƙasarsa sai da ya matse kansa ya koma 57.

Wanda bai taɓa ganin ɗan dambe yana rage nauyi ba zai ɗauka wasa ne. Abinci a awo, ruwa a awo. Mutum ya fita gudu cikin kaya masu kauri don ya zubar da gumi, ya dawo maƙogwaro a bushe, ya kurkure baki ya tofar. Kuma a gasar Olamfik ba sau ɗaya ake hawa sikeli a huta ba, domin gasa ce ta mako biyu, duk ranar da kake da dambe sai an sake auna ka. Kenan ba damar ka ce bari in ci in ƙoshi tunda na wuce. Haka yaro ɗan shekara 20 ya yi ta fama da yunwa a waje, da abokan karawa a cikin fili.

Akwai kuma wani nauyin da sikeli ba ya nunawa. Mahaifiyarsa ta rasu watanni kaɗan kafin gasar. Da ya ci, ita ya sadaukar wa lambar, yana kuka.

Su wa ya doke a Seoul?

Dambe biyar ya yi. Ya fara da Lu Chih-hsiung na Taiwan. Sai Mikhak Kazaryan na Tarayyar Sobiyet, kuma wannan shi ne babban tsauni, domin a wancan zamani 'yan Sobiyet a damben sha'awa ƙwararru ne a komai in ban da suna: gwamnati ke ciyar da su, ba su da wani aiki sai dambe. Ya wuce shi da maki. Ya doke Ya'acov Shmuel na Isra'ila. A wasan kusa da na ƙarshe ya haɗu da Abdelhak Achik na Maroko, aka tsayar da damben tun a turmin farko, Achik ya koma gida da lambar tagulla.

Sai wasan ƙarshe, ranar 2 ga Oktoba 1988, da Daniel Dumitrescu na Romaniya. Ba a cika minti biyu ba aka gama.

Na kalli hoton bidiyon wannan dambe a waya ya fi a ƙirga, kuma karon farko ban ga abin da ya faru ba. Na ga mutum biyu suna zagaya juna cikin hular kare kai, sai kawai na ga ɗaya a ƙasa. Sai da na maido baya na rage gudun hoton sannan na ga hannun hagun Parisi ya lanƙwaso ya sauka. Ba wani dogon shiri, ba ɗaga kafaɗa da zai sa abokin karawa ya ankara. Gajeren naushi ne. A damben Olamfik, inda safar hannu ke da taushi kuma kai a rufe yake, ba kasafai ake ganin bugun kwaf ɗaya a wasan ƙarshe ba, balle a ƙananan ajujuwa.

An ce alƙalancin damben Seoul ya ɓaci. Hakan bai shafi nasararsa ba?

Ya ɓaci ƙwarai, amma bai shafe shi ba, kuma dalilin a fili yake. A gasar nan ce aka yi abin kunyar da har yau ake ba da labari: Roy Jones na Amurka ya yi wa Park Si-hun na Koriya ta Kudu dukan kawo wuƙa turmi uku, alƙalai uku cikin biyar suka ce ɗan gida ne ya ci. Kafin Jones ma, wani ɗan tawagarsu Parisi, Vincenzo Nardiello, ya faɗi a hannun wannan Park ɗin da hukuncin da 'yan Italiya suka yi ta kuka da shi. Wannan badaƙala ce ta sa aka sauya tsarin ba da maki, aka kawo na'ura a gasar 1992.

A irin wannan wuri, mafi alheri ga ɗan dambe shi ne kada ya bar wa alƙali abin faɗi. A wasanni biyu na ƙarshe da Parisi ya yi a Seoul ba a buɗe takardar maki ba.

Ranar nan ta yi wa Italiya daɗi. A ita ce kuma Gelindo Bordin ya ci tseren gudun fanfalaki. Amma a dambe, bayan Parisi sai da ƙasar ta jira shekara 20 kafin Roberto Cammarelle ya sake kawo mata zinare, a Beijing a 2008.

Akwai wata alaƙa da 'yan dambenmu?

'Yar kaɗan ce, amma tana da daɗin sani. Ajin kilo 57 ɗin nan, shekara huɗu kafin Parisi, a Los Angeles a 1984, ɗan Najeriya ne Peter Konyegwachie ya kai wasan ƙarshe a cikinsa, ya samu azurfa. Wanda ya doke shi Meldrick Taylor ne na Amurka. Daga baya Taylor da Parisi, zakarun aji ɗaya a jere, kowanne ya je ya gwada ƙashinsa da mutum ɗaya, gwarzon dambe Julio César Chávez na Mekziko, kuma babu wanda ya dawo da dariya.

Mene ne bambancin damben sha'awa da na sana'a, kuma sauyin ya zo masa da sauƙi?

A damben sha'awa na lokacin, turmi uku ne, kowanne minti uku, da singileti da hular kare kai. Abin da ake so ka taɓa, ka kauce, ka sake taɓawa. Mai zafin nama shi ne sarki. A damben sana'a an tuɓe riga an cire hula, safar hannu ta ƙara ƙanƙanta, damben kambu kuma turmi 12 ne. A nan ba yawan taɓawa kaɗai ake dubawa ba, har da ɓarnar da naushi ya yi. Akwai kuma dukan ciki da haƙarƙari, wanda ba ya burge 'yan kallo a turmi na biyu, amma a turmi na tara shi ke kwance wa mutum ƙafafu.

Parisi ya shiga sana'a a 1989, ya yi ta cin nasara a jere kamar yadda aka saba shirya wa mai lambar zinare: a fara masa da masu sauƙi, a riƙa ƙarawa. Sai a watan Nuwamba 1990 aka haɗa shi da Antonio Rivera na Puerto Rico, tsohon mai riƙe da kambun duniya na hukumar IBF a ajin gashin tsuntsu. Rivera ya shimfiɗe shi a turmi na uku, aka tashi.

A ganina masu kula da shi sun yi gaggawa. Rivera tsohon hannu ne, ya ga jiya ya ga yau, ba irin wanda ake kai wa yaron da bai cika shekara biyu a sana'a ba. Amma faɗuwar ta yi masa amfanin da nasara goma ba za su yi ba. Ta nuna masa cewa saurin hannu ba ya kare haɓa. A 1991 ya dawo ya ci kambun Italiya na marasa nauyi a kan Stefano Cassi.

Yaya ya ci kambun duniya na farko?

Kambun WBO na marasa nauyi ya zama babu mai shi bayan Dingaan Thobela na Afirka ta Kudu ya ajiye. Ranar 25 ga Satumba 1992 aka haɗa Parisi da Javier Altamirano na Mekziko, a garinsu Voghera, gaban mutanen da suka san shi tun yana yaro. Aka tsayar da damben a turmi na 10. Shekararsa 24.

Ya kare kambun sau biyu a 1993, duka a birnin Rum. Na farko da Michael Ayers na Ingila, ya ci da maki. Na biyun shi ne wanda na fi so a duk tarihinsa: ya sake gayyato Antonio Rivera. Mai kambu yana da 'yancin zaɓen wanda zai ci kuɗi a kansa cikin kwanciyar hankali, ba dole sai ya koma ga mutumin da ya taɓa shimfiɗe shi ba. Ya koma. Wannan karon bai tsaya musayar wuta ba, ya yi amfani da ƙafa da ido, aka yi turmi 12 cur, ya ci da maki.

Wasu na cewa kambun WBO na lokacin ba cikakken kambu ba ne. Gaskiya ne?

Akwai ƙanshin gaskiya, kuma ɓoye ta ba zai ƙara masa daraja ba. An kafa WBO a 1988, kenan a 1992 jaririya ce a gaban WBA da WBC da IBF. Manyan Amurka ba su ɗauke ta da muhimmanci ba tukuna, ƙarfinta ya fi yawa a Turai. Kuma gwanin marasa nauyi na gaske a farkon shekarun 1990 shi ne Pernell Whitaker, wanda ya haɗa kambu uku na sauran hukumomin a hannunsa kafin ya haura aji na gaba. Parisi bai kara da shi ba. Duk wanda ya ce maka a 1992 Parisi ne ya fi kowa a duniya a kilo 61, son kai ya yi.

Sai dai a duba ɗaya gefen. Kambun nan da Parisi ya ajiye don kansa, wanda ya ɗauka bayansa shi ne Oscar De La Hoya na Amurka, mai zinaren Olamfik na 1992, a 1994, bayan ya doke Jorge Páez. Irin waɗannan sunaye ne suka ɗaga darajar WBO har ta kai inda take yau, ana lissafa ta cikin manya huɗu. Kuma shi kansa Parisi bai zauna a gida yana lallaɓa kambun ba. Ya san abin da ake faɗi, shi ya sa ya tsallaka Amurka.

Me ya kai shi ga Chávez, kuma yaya aka kwashe?

Neman suna, da kuɗi, da kuma sikeli. Riƙe jiki a kilo 61.2 ya fara yi masa wuya, sai ya bar kambun ya haura 63.5, ya shiga hannun fitaccen dillalin dambe Don King. A 1994 ya doke Freddie Pendleton da maki a Las Vegas, shi ma tsohon mai kambun IBF ne. Wannan ya buɗe masa ƙofa.

Ranar 8 ga Afrilu 1995, a Caesars Palace da ke Las Vegas, ya tsaya gaban Julio César Chávez na Mekziko don neman kambun WBC. A daren ne kuma Oliver McCall ya kara da Larry Holmes a ajin masu nauyi. Chávez na da shekara 32, ya yi dambe sama da 90, sau ɗaya tak aka taɓa cin sa, a hannun Frankie Randall a 1994.

Salon Chávez shi ne maganin irin su Parisi. Ba ya bin ka da gudu. Takowa yake a hankali yana tare maka hanya, yana rage maka fili, har ka ji igiya a bayanka, sannan ya fara saran haƙarƙari. Mai sauri yana buƙatar sarari kamar yadda kifi ke buƙatar ruwa. Parisi ya yi ta zagaye, ya kai ƙarshen turmi 12 a kan ƙafafunsa, amma alƙalai uku duka suka ba Chávez da tazara mai faɗi.

Ana yaba masa cewa ya kai ƙarshe, kuma ba ƙaramin abu ba ne, don da yawa ba su kai ba. Ni dai ra'ayina, a daren nan ya fi mai da hankali ga tsira fiye da ci. Ban ga laifinsa sosai ba. Wanda ke zaune kan kujera da shayi a hannu shi ke cewa "da ya shiga".

Bayan wannan faɗuwa sai ya yi sanyi?

Ko kusa. Ya koma gida, kuma bai cika shekara ba ya sake zama zakaran duniya. Ranar 9 ga Maris 1996, a Milan, ya tsayar da Sammy Fuentes na Puerto Rico a turmi na 8 ya karɓi kambun WBO na kilo 63.5.

Sau biyar ya kare shi. Karon farko, a watan Yuni 1996, ya sha da ƙyar a hannun Carlos González na Mekziko, wanda ake kira "Bolillo", aka tashi canjaras, kambu ya zauna wurin mai shi kamar yadda doka ta ce. Sai ya bi ta kan Sergio Rey da Harold Miller da Nigel Wenton da José Manuel Berdonce. Ba za a ce waɗannan huɗun manyan duniya ba ne. Kambun ya zauna a Turai, ana cin kasuwarsa a Turai.

Bashin González kuwa yana nan. Ranar 29 ga Mayu 1998, a garin Pesaro, aka sake haɗuwa, ɗan Mekzikon ya karɓe kambun a turmi na 9. Ka lura da abu ɗaya: a wannan aji, mutum biyun da suka gagare shi duka 'yan Mekziko ne masu matsa lamba, masu cin duka su ci gaba da tahowa. A kilo 61 naushinsa yana tsayar da mutum ya sa shi tunani. A 63.5 akwai waɗanda suke haɗiye shi su ƙara matsowa.

Me ya sa bai yi ritaya a lokacin ba?

Tambayar da ake yi wa kusan kowane ɗan dambe kenan, kuma ba kasafai suke jin shawara ba. Ya ƙara haurawa zuwa kilo 66.7. Ranar 29 ga Yuli 2000 aka shirya masa damben kambun WBO da Daniel Santos na Puerto Rico, a birnin Reggio Calabria, a yankin da aka binne cibiyarsa. Da ya ci, da ya zama zakara a aji uku a gaban danginsa. Santos ya fi shi ƙuruciya, ya fi shi girman jiki, kuma bahago ne. A turmi na 4 aka gama.

Daga nan ciwon hannu ya dame shi, ya riƙa ɓacewa yana dawowa. Ɗan dambe da hannu ya lalace kamar maɗinki ne da ido ya raunana. Dambensa na ƙarshe shi ne na watan Oktoba 2006 a Milan, da Frédéric Klose na Faransa, don kambun Turai. Ya faɗi da maki yana da shekara 38, ya jingine safar hannu.

Wane matsayi yake da shi a tsakanin 'yan damben Italiya?

Italiya na da tsohon tarihi a ajin marasa nauyi. Carlo Orlandi ya ci zinaren Olamfik a 1928, Aureliano Bolognesi ya ci a 1952, Sandro Lopopolo ya samu azurfa a Rum a 1960 kafin ya zama zakaran duniya a aji na gaba. Bayan Parisi, Stefano Zoff ya ci kambun WBA a 1999, Domenico Valentino kuma ya ci gasar duniya ta masu sha'awa a Milan a 2009. Sama da su duka akwai Duilio Loi, wanda ya yi dambe 126 aka ci shi sau uku kacal. Parisi bai kai Loi ba. Bai kai Nino Benvenuti ba.

Amma akwai wani ɗan ƙaramin zaure da mutum huɗu ne kawai 'yan Italiya suka shiga, na waɗanda suka haɗa zinaren Olamfik da kambun duniya na sana'a: Benvenuti, Patrizio Oliva, Maurizio Stecca, da Parisi. A cikinsu, shi da Benvenuti ne suka yi hakan a aji biyu.

In aka ce in auna shi, zan ce gwani ne na gaske a kilo 60 zuwa 61, nagari a 63.5, baƙo a 66.7. Abin da nake jin takaicinsa shi ne bai daɗe a ajin da ya fi dacewa da shi ba. Dambe uku kacal ya yi na kambun duniya a marasa nauyi, ya ci duka ukun, ya tafi. Da jiki ya bar shi ya ƙara shekara guda a nan, da wataƙila shi da De La Hoya sun haɗu, zinaren 1988 da zinaren 1992.

Wanda bai taɓa ganinsa ba, da wane dambe zai fara?

Ka fara da na Dumitrescu, ba zai ci maka data ba. Sai ka nemi na Fuentes, ka ga yadda yake haɗa naushi uku huɗu kafin abokin karawa ya mayar da ɗaya. In kana da haƙuri da lokaci, ka zauna wa na Chávez, amma kada ka kalli hannuwa. Ƙafafun Chávez za ka kalla.

Yaya ya rasu?

Haɗarin mota ne. Da maraicen ranar 25 ga Maris 2009, a kan hanyar da ta kewaye garin Voghera, motarsa ƙirar BMW ta yi taho-mu-gama da wata motar ɗaukar kaya. Nan take ya cika. Bai kai shekara uku da barin dambe ba. Ya bar mata da 'ya'ya uku.

Hukumar garin ta sa wa filin ƙwallon ƙafa na Voghera sunansa.